Safiyo da Layin Fenti

Shekara goma sha ɗaya Safiyo ya yi a babban birni yana riƙe wa masu awon ƙasa sanda. Aikinsa shi ne ya tsaya a rana da doguwar sanda mai lambobi, wani kuma ya leƙa na'ura daga nesa yana yi masa alama da hannu ya matsa dama ko hagu. Bai taɓa kai idonsa bakin na'urar ba. Amma ranar da kamfanin ya sallame su, ya taho da hular kwano da riga mai ƙyalli da tef ɗin awo, ga wata ƙatuwar kujerar kushin mai cin mutum biyar. Ya kuma taho da sunan Safiyo, wato mai awon ƙasa, wanda shi ya raɗa wa kansa.

"Ni na ajiye aikin," haka yake faɗa wa duk wanda ya tsaya. "Har kuka manaja ya yi."

Ƙaramin birnin da ya zaɓa nan ne garin surukinsa, wani tsohon magini da ba ya son doguwar magana. Matarsa da 'ya'yansu mata biyu suka sauka a gidan tsohon, kujera kuma aka jingine ta a wani gareji. Tun ranar farko tsohon ya yanke magana.

"'Yata da jikokina suna nan har sai na ga inda za ka kai su. In wurin ya yi, ka kwashe su. In bai yi ba, akwai ɗaki biyu a bayan gidan nan, ka shigo mu zauna."

Safiyo ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi. Shi, mutumin da ya auna rabin babban birni, a ce yana zaman gidan suruki, yana sallama kafin ya shiga banɗaki?

"Baba, ai ba za a kai ga haka ba."

"Akwai wani gida a kan tudu kusa da injin niƙa," in ji tsohon. "Ni na gina shi. Je ka gani."

"Tudu kuma, Baba? A birni wanda bai da hali ne yake hawa da sauka. Ka bar mini wannan. Zaɓen unguwa ilimi ne, ba a yi da ka."

Matarsa ta bi shi har ƙofa. "Maigida, don Allah in ka je ka tambayi maƙwabta."

"Madam, Safiyo ba ya tambaya. Awo yake yi."

Washegari ya sa hular kwano da rigar ƙyalli, ya sa wani dillalin gidaje a gaba. Unguwar farko ya ce inuwa ta yi yawa. Ta biyu ya auna faɗin titi ya girgiza kai, bai faɗi dalili ba, don shi ma bai sani ba. Ta uku kare ya yi masa haushi, ya ce mutanen wurin ba su da tarbiyya. Rana ta take, dillali ya gaji ya jiƙe da gumi, sai ya gangara da shi wani layi da ba ya ɓullewa, inda yake da wani gida da ya shekara uku babu wanda ya taya.

Safiyo ya tsaya cak a bakin layin.

Kowane gida an yi masa sabon fenti daga ƙasa zuwa ƙugu. Launi daban-daban, amma tsayin ɗaya. Kowace ƙofa kuma tana da dokin ƙofa na siminti mai tsayi har gwiwa, sai mutum ya ɗaga ƙafa sosai kafin ya shiga.

Ya zaro tef. Ya auna gidan farko, ya auna na tsakiya, ya tsuguna ya rufe ido ɗaya ya hango layin fentin har ƙarshe.

"Kai! Dillali, ka ga abin da na gani? A miƙe sak! Ko mu da na'ura ba ma fitar da layi haka. Wa yake ja musu wannan layin?"

Dillali ya yi tari. "Wani ne yake zuwa duk shekara."

"Ƙwararre ne."

"Ba ya kuskure kam."

"Ka ga haɗin kai ke nan. Unguwar da mutanenta suka yarda da tsayin fenti ɗaya, ba za ka ji faɗa a cikinta ba. Wannan dokin ƙofar fa? Ka san ma'anarsa?"

"To, yallaɓai, gaskiya da damina..."

"Martaba ce! Ba kowane kare da doki ne zai faɗo maka gida ba. Nawa ne hayar?"

Da dillali ya faɗa, Safiyo ya kawar da kai don kada a ga murnarsa. Ya ja shi gefe ya ce, "Kada ka gaya wa mai gidan darajar abin da yake da shi." Dillali ya rantse ba zai gaya masa ba, ya karɓi la'adarsa, ya hau babur bai ko waiwayo ba.

Ranar da aka kawo kaya aka fara samun matsala. Dokin ƙofar ya cinye tsayin ƙofar, kujera ta ƙi shiga. Aka gwada ta a tsaye, aka gwada ta a kwance, aka juya ta ƙafafu sama. Masu dako suka ce sai dai a raba ta biyu.

"A raba wa? Kujerar da manaja ya zauna a kai? Ku ba ni guduma."

Bugu uku ya yi wa dokin ƙofar, sai ga mai wanki na gidan da ke kallon nasa ya fito da kumfa har gwiwar hannu.

"Malam! Malam! Me kake yi haka?"

"Gyara."

"Wannan ba a taɓa shi."

"Wa ya hana?"

"Ba hanawa aka yi ba, amma..."

"Kai meye sana'arka?"

"Wanki da guga."

"To na taɓa zuwa na ce maka ga yadda ake goge wuyan riga?"

"Yau na fara ganinka ma."

"To ka gani."

Wata tsohuwa da duk layin ke kira Inna ta leƙo daga maƙwabta, ta dafa dokin ƙofarta.

"Ɗan nan, ruwa yana taruwa a layin nan. Ba shi da hanyar fita. In ka fasa wannan, cikin ɗakinka zai kwana."

Safiyo ya yi murmushin tausayi. Ya ɗauko kwalbar ruwa, ya kwantar da ita a tsakiyar falo, ya kira Inna ta leƙo.

"Inna, kin ga kwalbar nan ta motsa?"

"Ba ta motsa ba."

"To falona a shafe yake, babu gangara. Shi ruwa gangara yake bi, wannan a shekarar farko ake koya mana. Zai shigo ya yi me?"

"Ni dai na faɗa maka."

"Na gode, Inna. Allah ya ƙara lafiya."

Kafin la'asar dokin ƙofa ya zama tarihi, kujera ta shige ta cinye rabin falo. Da ya ga bakin ƙofar ya yi kaca-kaca, sai ya sayo siminti ya ce zai yi shimfiɗa mai sulɓi daga titi zuwa cikin falo, yadda babur zai shiga ba tare da an ɗaga shi ba. Ba shi da babur, amma yana da niyya.

Kwana biyu ya yi yana zagayawa gaishe da maƙwabta, ya dawo yana mamaki. Firjin mai wanki a kan tebur yake. Gadon Inna an ɗora shi a kan bulo huɗu-huɗu, sai ta taka kujera take hawa. Mai kantin bakin layi kuwa, katakan jera kaya biyu na ƙasa babu komai a kansu, duk kaya suna sama.

"Kana asarar wuri," Safiyo ya ce masa. "A birni har ƙasa ake jerawa."

"Haka ne, yallaɓai," in ji mai kanti. "Mu ƙauyanci ya yi mana yawa."

A rana ta uku ya gano wata ƙofa a ƙarshen falonsa, an rufe ta da katako da ƙusoshi, an kuma toshe ƙasanta da bulo. Ya ɓalle katakon, ya rushe bulon. Yana buɗewa sai iska ta buso. Bayan gidan fili ne da ya gangara sosai har zuwa wani kwari mai bishiyoyi.

"Dubi abin da suka toshe! Iska ta shigo ta gaba ta fita ta baya. Mutanen nan suna zaune a kan arziki ba su sani ba."

Mai wanki ya taho da niyyar yi masa magana ta ƙarshe, don zuciyarsa ta ƙi kwanciya. Ya tsaya a bakin ƙofar gaba ya buɗe baki, sai idonsa ya bi shimfiɗar siminti, ya ratsa falo, ya fita ta ƙofar baya, ya sauka har cikin kwari. Ya rufe bakinsa a hankali. Ya je ya kira mai kanti. Su biyu suka tsaya suna kallo, suka dubi juna.

"Yallaɓai Safiyo," in ji mai kanti, "simintin nan ya ishe ka kuwa? Ina da rabin buhu."

Daga ranar layin ya canza masa. Mai wanki ya kawo cokalin gini ya gyara shimfiɗar da hannunsa, har ya ƙara mata faɗi. Mai kanti ya ba da shawarar a matsar da tebur gefe don hanyar iska ta zauna a buɗe. Wasu ma da bai san su ba suka zo suka share masa bayan gida, suka kwashe duwatsu tun daga ƙofa har kwari. Inna ce kaɗai ta ƙi sa hannu. Ta ce musu, "Ku ji tsoron Allah."

"Inna, ai kin faɗa masa," in ji mai wanki. "Ni ma na faɗa. Ya ce in koma wuyan riga."

Safiyo ya aika wa matarsa saƙo: ta gaya wa Baba ya zo ranar Asabar, kuma ya zo da shirin jin kunya.

Asabar da hantsi hadari ya haɗu ta gabas, baƙi ƙirin. Safiyo ya sa hular kwano ya tsaya a bakin layi yana jira. Can sai ga tsohon da 'yarsa, an bar yaran a gida. Tsohon ya tsaya. Ya dubi fentin, ya dubi dokin ƙofa na gidan farko, da na biyu, da na uku, har idonsa ya kai kan gida ɗaya tilo da bakinsa yake a buɗe kamar an cire masa haƙori. Ya ɗaga kai ya dubi sama. Sai ya sunkuya ya cire takalmansa ya riƙe a hannu, ya naɗe ƙafar wando.

"Baba, ai ba sai ka cire tun daga nan ba."

"Na san abin da nake yi."

A falo Safiyo ya nuna masa kujera da hannu biyu. Tsohon ya wuce ta, ya haye kan tebur ya zauna ya tanƙwashe ƙafa.

"'Yata, hawo nan."

"Baba, kan tebur?"

"Hawo, na ce."

Ta dubi mijinta, ta dubi ubanta, ta tattare zane ta hau. Ta taga tana hango maƙwabta suna fito da benci suna jerawa a kan dandamalin gidajensu, kowa da lema, duk sun fuskanci ƙofarsu.

"Maigida, me mutanen nan suke jira?"

"Girmamawa ce, Madam. Sun ji surukina zai zo."

Ya zauna a tsakiyar kujera, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya fara bayani. Abu uku ake dubawa a unguwa, in ji shi. Yana cikin na farko aka fara yayyafi. Yana shiga na biyu ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Ya tashi ya rufe ƙofar baya saboda feshi, ya dawo ya ɗaga murya. Bai kai na uku ba wani siririn ruwa ya gangaro ta kan shimfiɗar siminti, ya shigo falo ba sallama, ya taɓa masa yatsan ƙafa.

"Feshi ne," in ji Safiyo.

Feshin ya kai idon sawu.

"Yanzu zai koma. Babu gangara."

Kwalbar da ya yi awo da ita ta taso ta wuce ta gabansa tana juyi. Tabarma ta bi ta. Ya cire hular kwano ya fara kwarfa yana watsawa waje, duk hula ɗaya da ya zubar sai bokiti goma su shigo. Ruwa ya kai gwiwa. Daga waje ya ji muryar mai kanti.

"Yallaɓai! Ƙofar baya! Iska ba ta ratsawa!"

"Buɗe ƙofar can," in ji tsohon daga kan tebur, "kafin bangon ya buɗe da kansa."

Safiyo ya kutsa ya zare sakata. Ƙofar ta fizge daga hannunsa, ruwan layin gaba ɗaya ya samu hanyar da ya shekara goma sha tara yana nema. Kogi sosai ya ratsa falon. Takalman Safiyo suka fita, bokiti ya fita, tukwane suka bi a jere. Daga titi kuma kayan mutane suka riƙa shigowa ta gaba suna fita ta baya: kwandon shara, tsohuwar taya, wata agwagwa da ta dubi mutanen kan tebur ta wuce abinta. A waje aka ɗauki tafi.

Sai kujera ta motsa.

"A'a! Ban da ke!" Safiyo ya yi tsalle ya faɗa kanta ya rungume. Kujerar ta juya a hankali, ta ɗauke shi ta nufi ƙofar baya, ta je ta toshe ta ƙam. Ruwa ya tsaya, ya fara hawa, ya taɓa ƙasan tebur, ya koma titi.

Tafi ya ɗauke. Mai wanki ya miƙe a kan benci. "Jama'a, ta toshe! Ruwa yana dawowa!"

Maza shida suka faɗo cikin falon, ruwa har ƙugu.

"Madalla!" in ji Safiyo. "Ku ja ta baya! Ku ja!"

"Ku tura!" in ji mai wanki.

"Ja na ce!"

"Yallaɓai, riƙe da kyau. Ɗaya, biyu..."

"Kujerar manaja ce!"

"Uku!"

Katakon ƙofar ya ɓalle. Kujera ta fice kamar an harba ta, da Safiyo a kai, rigar ƙyalli tana walƙiya. Ta bi hanyar da aka share mata tas, babu dutse ko ɗaya, ta gangara yana ihu yana kiran Madam, har ta je ta maƙale tsakanin bishiyoyi biyu a bakin kwari. Agwagwar tana can ta riga shi isa.

Bayan rabin sa'a ruwa ya ɗauke. Mutanen layin suka fito suna taka titi suna dubawa kamar baƙi. Inna ta sauko ta tsaya a tsakiyar layi, ƙafarta a ƙasa, ta ce rabon da ta ga ƙasar nan ranar ruwa tun mijinta yana da rai, shekara goma sha tara ke nan. Aka je da igiya aka jawo Safiyo, sannan aka jawo kujera.

Ya shigo falo yana ɗiga, taɓo har kunne. Tsohon ya sauko daga tebur, ya nuna masa bango. Ruwan ya bar layi a miƙe sak, daidai ƙugu, ya zagaye ɗakin.

"Dillali ya ce kana neman mai ja musu layi. Ga shi ya zo har gida. Auna mana."

Matarsa ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa.

"Madam, kuka kike yi?"

"Eh, Maigida," ta ce da ƙyar. "Kuka ne."

"Ɗaki biyu," in ji tsohon. "A bayan gida. Yau."

Kafin Safiyo ya buɗe baki sai ga mai kanti da mai wanki da sauran maza sun yi layi a ƙofa, huluna a hannu.

"Baba, alfarma muke nema. Kada a raba mu da yallaɓai. Ba mu taɓa yin maƙwabci irinsa ba."

"Ku riƙe shi, ni 'yata zan tafi da ita."

Suka dubi juna. "To, ko shi ya tafi," in ji mai wanki, "a bar gidan da sunansa. Mu za mu riƙa biyan hayar. Ƙofofin nan biyu dai kada a taɓa su."

Da yamma aka ɗora kujera a kan kura, tana zubar da ruwa, aka kama hawan tudu. Mai kura yana ja, Safiyo yana turawa ba takalmi, tsohon da 'yarsa suna biye. Duk layin suka rako su har bakin titi suna ɗaga hannu. Tun ba a yi nisa ba muryar Safiyo ta dawo.

"Madam, kin dai gani da idonki. Shekara goma sha tara abu ya gagari kowa, na zo na gama shi a mako ɗaya. Kin taɓa ganin unguwar da aka roƙi mutum ya zauna haka? Na ce miki na iya zaɓe."

Suka wuce injin niƙa, suka isa ƙofar gidan tsohon. Safiyo ya tsaya yana haki, ya dubi ƙofar, ya dubi kujera, ya rufe ido ɗaya. A ƙasan ƙofar akwai ɗan dokin ƙofa, bai fi taƙi ɗaya ba.

"Baba, wannan in aka ɗan rage shi kaɗan..."

Tsohon ya miƙa hannu. "Kawo gudumar."

Ya ba shi.

"Da tef ɗin."

Ya ba shi.

"Kujerar a waje za ta zauna. Kai kuma ɗaga ƙafa ka shigo."